Kifin Alhaji Haladu Mai Cizon Maƙaryata

Wani mutum ne a Funtuwa, a Layin Tsamiya, ana ce masa Alhaji Haladu. In ka ce masa jiya ka ga ɓera, to shi giwa ya gani shekaranjiya, kuma har ta gaishe shi. Duk abin da ka taɓa yi ya riga ka. Duk garin da ka je, shi ya nuna wa direba hanya. Ba mugu ba ne, gaskiya, yana da sakin hannu da fara'a. Bakin ne dai Allah ya hore masa ba birki.

Babbar ƙaryarsa kuwa ta ruwa ce. Wai shi jikan masuntan Yawuri ne, wai a cikin kwalekwale aka yanke masa cibi, wai yana nutsewa da hantsi sai la'asar ya fito, kada na hango shi sai ya canja hanya. Alhali yayarsa Tabawa, wadda ke zaune a gidansa tun rasuwar mijinta, ta san a Bakori aka haife shi, ta kuma san har ya yi gemu in kwata ta cika ba ya tsallakawa sai an riƙe masa hannu. Ita dai ba ta tona shi. In ya fara zuba sai ta ja tsaki ta ci gaba da tankaɗe.

Wata rana harka ta kai shi Kaduna, ya faɗa wani kanti da ake sayar da kifin ado. Can a lungu ya ga wani kifi shi kaɗai a akwatin gilashi. Dangin karfasa ne, amma irin na ƙasar waje, ja jawur, faɗinsa ya kusa kai faifai, ga wani ƙulu a goshi kamar an ɗora masa lemo. Mai kanti ya ce an ware shi ne don ya kashe duk abokan zamansa. Haladu ya kai fuska kusa don ya duba. Kifin ya taso ya daki gilashin, ƙum! Haladu ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi. A nan take ya ji duk duniya ba abin da yake so sai kifin nan.

Ya saye shi, da akwatin, da injin da ke hura masa kumfa, da tsakuwar da ake shimfiɗa masa. A zaure ya girke shi inda kowa zai gani, ya raɗa masa suna Gagarau. Kafin magariba Layin Tsamiya kaf ya ji cewa Alhaji ya je Yawuri ya yi kokawa da sarkin kifaye a ƙasan kogi.

"Ƙulun nan da kuke gani a goshinsa," in ji shi, "ni na yi masa shi da naushi."

Kiwon Gagarau ba ƙaramin aiki ba ne. Famfon layin ya daɗe da mantawa da abin da ake kira ruwa, don haka 'yan garuwa ke ta safara ana canja masa. Abincinsa kuwa hanta ce da fara da tana. Tabawa ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da kifi ke cin hanta mutane na lasar miyar kuka ba. Haladu ya ce mata harka ce ta manya.

To, a gefe ɗaya na akwatin ya sa masa wani fasasshen tulu don ado. Gagarau ya mai da tulun nan ɗakinsa. Duk yatsan da ya shiga ruwa ta wajen tulu, caraf! Wanda kuwa ya shiga ta ɗaya gefen, wajen taga, sai dai ya harare shi ya wuce. Haladu da yatsansa ya koyi wannan karatu, ya yi kwanaki hannu a aljihu. Wani da ya gane haka da sai ya kiyaye. Shi kuwa sai ya fito majalisa ya yi shela cewa Gagarau ba kifi ba ne kamar sauran kifaye, maƙaryaci kaɗai yake cizo.

Ai kuwa sai zauren ya zama kotu. Wanda ya ari tsani ya ce ya mayar, a kawo shi. Mai tsiren da ya ce rago ne alhali ana jin warin bunsuru, a kawo shi. Limamin unguwa ya ce shi ba hannunsa ba ƙafarsa a wannan shirme, amma mutane ba su fasa zuwa ba. Haladu ne ke tsayar da kowa inda zai tsoma yatsa. Wanda ya shigo yana masa kirari da Sarkin Ruwa, wajen taga. Wanda ya taɓa yi masa dariya a majalisa, wajen tulu. Shari'ar ke nan gaba ɗayanta.

Akwai wani tela a layin, Lawwali, siriri, mai shiru-shiru, amma yana da wata muguwar ɗabi'a ta yin tambaya. Ran da Haladu ya ce ya wuni a ƙasan kogi, Lawwali ne ya tambaye shi a ina ya yi azahar. Haladu bai manta ba. Saboda haka da wani ya zo yana ƙarar cewa Lawwali ya ci masa yadi a shadda, ko saurare Haladu bai tsaya yi ba, ya nuna wa Lawwali wajen tulu. Lawwali ya tsoma yatsa ya ce bai ci ba. Caraf! Kuma a yatsan da yake tura yadi da shi a keke.

Bawan Allah bai ci yadin nan ba. Mai shaddar ne ya yi teɓa bai sani ba. Amma wa zai saurara? Masu ɗinki suka janye kayansu, aka laƙaba masa Lawwali Ci-yadi, har matarsa ta fara auna atamfarta kafin ta ba shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya dai ajiye a ransa.

Shi kuwa Haladu kai ya kumbura. Kirari bai ishe shi ba kuma, rawani yake so. Ya dinga sintiri gidan Mai unguwa Mamuda, yau goro gobe turare, wai a naɗa shi Sarkin Ruwan Layin Tsamiya. Mai unguwa dattijo ne mai son raha. Ya tambaye shi ina ruwan da zai yi wa sarauta, tunda famfo ko tari ba ya yi. Haladu ya ce ai ruwan yana zaurensa. Lawwali na gefe a zaune, ya ce shi dai bai taɓa jin sarki mai talaka ɗaya ba.

Maganar nan ta soki Haladu har ƙashi. Ya miƙe ya bugi ƙirji, ya ce gobe zai koma Yawuri ya nutso wa Gagarau mata, su hayayyafa, kowace unguwa a Funtuwa ta samu alƙalinta. Mai unguwa ya ce in ya yi haka, rawani nasa ne.

Washegari ya hau motar Kaduna.

Mai kanti ya kamo masa macen irin kifin, ƙarama a kan Gagarau, goshinta ba ƙulu sosai. Yana ƙulle ta a leda yana masa bayani: ya sa ido a kansu, ya sa musu wani abu mai faɗi don a kansa suke zuba ƙwai, in kuma suka zuba, to ko kusa kada ya sa... Haladu ya katse shi. Ya ce shi da aka haifa a kwalekwale za a koya wa kifi? Ya zauna ya yi wa mai kanti lacca a kan halayyar kifaye har mutumin ya gaji ya ba shi haƙuri.

Da ya sauka a tashar Funtuwa ya juye ta a bokiti, ya jiƙa bakin rigarsa, ya shafa taɓo a ƙafa. Haka ya shigo layi yana haki, yana cewa wannan ta fi mijin wahalar kamu, sai da ya bi ta har ɗakin uwarta.

Kuma Haladu ba zai yi abu a ɓoye ba. Ya ce ai Gagarau ɗansa ne, ba zai ajiye masa mace haka kawai kamar ba a san asalinsa ba. Biki za a yi. Aka raba goro da alewa. Mata suka rako bokiti daga cikin gida zuwa zaure da guɗa. Kayan ɗaki kuwa, ya ɗauko farantin tangaran ɗin Tabawa ya ajiye a cikin ruwa ta wajen taga, ya ce gadon amarya ne, don bai kamata a cusa ta a tulun gwauro ba. Aka juye amarya. Nan da nan ita da ango suka kama bakin juna suna ja, ruwa na fantsama. Mata suka rufe fuska suna dariya. Haladu ya kawar da kai, ya sa aka kawo zane aka lulluɓe akwatin ruf, ya ce ba mai sake ganin amarya sai ranar buɗar kai, kuma a ranar za a naɗa shi.

Tun daga nan bai ƙara leƙawa ba. Wai shi uban ango ne, akwai kunya tsakaninsa da surukarsa. In zai wuce ta zaure sai ya yi gyaran murya ya sunkuyar da kai. Tabawa ce ke ɗaga gefen zane ta jefa musu hanta. Ana ta jin ƙarar tsakuwa, ƙaras-ƙaras, suna tono suna share faranti. Ran nan ta ɗaga zanen ta ga abin da ta gani, ta je ta sami Haladu yana gwada alkyabbar aro a gaban madubi.

"Haladu, amaryar nan taka fa ta..."

"Haba Yaya. Sirrin ɗakin yara za ki kawo mini?"

"To ai a kan farantin..."

"Yaya, don Allah. Da girmana."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma madafa.

Ranar naɗi bayan la'asar zauren ya cika maƙil, har waje an shimfiɗa tabarmi. Ga maroƙi, ga mai kalangu. Ga rawani fari tas a kan tire a gaban Mai unguwa. An ɗauke wuta tun safe, injin kumfa ya yi shiru, zafi kamar a gasa gurasa, amma Haladu na cikin alkyabba yana ta walƙiya da haƙorin Makka. Aka yaye zane, mata suka rangaɗa guɗa. Ango da amarya na can wajen taga sun tsaya cak a kan faranti suna kaɗa fiffike, farantin kuwa ya cika da wasu 'yan ƙwayoyi kamar an watsa gero. Ƙwai ne. Irin kifin nan kuwa in yana gadin ƙwai, ko inuwarka ce ta gifta sai ya kai mata cizo. Haladu bai gani ba. Bayansa ya ba akwatin, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Mai unguwa ya ɗauki rawani ke nan sai Lawwali ya matso ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana. Duk layin nan ba wanda bai tsoma yatsa a ruwan nan ba sai mai shi. Tunda yau ranar farin ciki ce, ya tsoma mana ya faɗi yadda ya kamo kifin, mu ma mu samu na ba jikoki labari."

Zaure ya ɗauka da na'am. Mai unguwa ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, ko Alhaji?

Haladu ya yi murmushi. A ransa ya ce yau telan nan zai mutu da baƙin ciki. Ya taka a hankali irin tafiyar sarakai, ya zagaya wajen taga, ya naɗe hannun alkyabba. Ko kallon ruwan bai yi ba, wai kunyar suruka. Ya tsoma manuni.

"Ni da hannuna na kamo kifin nan a kogin Yawuri."

Caraf!

Ya fizge hannu ya cusa a hammata. Kalangu ya tsaya. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ba komai, duhun zane ne ya taɓa wa yaron ido, bai gane ubansa ba. Bari ya faɗi abin da kowa ya sani, za a ga ya dawo hayyacinsa. Ya tsoma na tsakiya.

"A Yawuri aka haife ni."

Caraf! Wannan karon amarya ce.

"A Bakori," in ji Tabawa daga bakin ƙofar cikin gida. "Bayan rumbun Baffa. Ni na riƙe fitila."

Gumi ya karyo wa Haladu. Ya ce a ransa lalle sun yi ƙaura ne, kotu ta juye. Ya tattara alkyabba ya ruga wajen tulu. Bai san yanzu akwatin gaba ɗaya ɗakin haihuwa ba ne. Ya tsaya yana laluben wata magana da ba mai musu a kanta, ya ga ashe abin da wuya. Ya duba nan, ya duba can, duk inda ya taɓa a tarihinsa sai ya ji da gyara. Can ya tuna da haƙorinsa. Ya washe baki ya tsoma ɗan ƙaramin yatsa.

"To na dai je Makka."

Su biyu suka taso a guje. Caraf, caraf!

Jama'a suka juya gaba ɗaya suna duban Tabawa. Ta gyara mayafi.

"Ni dai a Fagge ta Kano aka ce mini an gan shi a watan hajjin. A can aka sa masa haƙorin."

Wani dattijo ya yi salati. Maroƙi ya saɗaɗa ya koma bayan mutane. Mai unguwa ya mayar da rawani kan tire a hankali, ya ce ko a bar abin haka, yatsun ma ai sun kusa ƙarewa.

Da Haladu mai jin magana ne da a nan ya tsaya, ya tsira da ɗan abin da ya rage. Ina! Idonsa na kan rawanin nan. Ya ce sau ɗaya tak ya rage, yanzu zai yi wa kifin magana da yaren masunta, wanda kakansa ya koya masa. Ya koma wajen taga, ya sunkuya ya yi wasu 'yan gunaguni da shi kansa bai san ma'anarsu ba, ya danna babban yatsa har kan faranti, tsakiyar ƙwan.

Gagarau ya kama. Wannan karon bai saki ba.

Haladu ya ja, kifi ya ja. Ruwa ya fantsamo har kan Mai unguwa. Hula ta faɗa cikin akwati, amarya ta bi ta da cizo. Alkyabbar aro ta jiƙe sharkaf. Jikan masuntan Yawuri ya dinga tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran Yaya.

"Faɗi gaskiya ya sake ka," in ji Mai unguwa.

"A kanti na saye shi! A Kaduna!"

Kifi bai saki ba.

"Ita ma amaryar a leda na kawo ta!"

Bai saki ba.

"Ƙulun da shi na gan shi! Ko iyo ban iya ba!"

Har yanzu yana riƙe. Lawwali ya matso kusa da kunnensa, ya tambaya a hankali, irin tambayar tasa.

"Shaddar fa?"

"Ba ka ci ba! Wallahi ba ka ci ba, ni na tsayar da kai wajen tulu!"

Daidai nan aka kawo wuta. Injin kumfa ya tashi, burrr, Gagarau ya firgita ya saki yatsa ya koma kan ƙwansa. Haladu ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin bokitin amarya.

Yanzu kai da ni mun san kumfa ce ta sa ya saki. Amma je ka faɗi haka a Layin Tsamiya ka gani. Mutane da idonsu suka ga mutum ya yi ƙarya an cije shi, ya faɗi gaskiya an sake shi. Maganar tulu da taga ko ta kanta ba wanda ya bi. Mai shadda ya zo ya kama hannun Lawwali yana ba shi haƙuri. Mai tsire ya sulale ya gudu tun kafin a tuna da shi.

Mai unguwa ya share ruwa daga gemunsa, ya dubi rawani, ya dubi Haladu a cikin bokiti, ya dubi akwati. Ya ce shi dai ya riga ya fito naɗin Sarkin Ruwa, jama'a sun taru, an dafa abinci, ba zai koma gida da rawani ba. Kuma a duk zauren nan mutum ɗaya ne ya ga ya iya ruwa, ga iyali, ga talakawa cike da faranti suna shirin fitowa.

Aka naɗa wa akwati rawani. Zagaye uku ya ci, har da kunnuwa biyu a sama. Kalangu ya ɗauka, maroƙi ya dawo da ƙarfinsa yana wa Gagarau kirari, mata na guɗa. Aka ce Haladu, tunda shi ya san hantar da Sarki ke so, shi zai ci gaba da yi masa hidima. Ba wanda ya ƙara ce masa Alhaji.

Yana nan zaune yana hura yatsu, jini na ɗiga, sai ga Lawwali ya zaro almakashi daga aljihu. Ya kama jelar rawanin Sarki, ƙyas, ya yanko ɗan ƙyalle. Ya durƙusa ya naɗe wa Haladu babban yatsa tsaf, har da 'yan kunnuwa biyu.

"Ungo naka naɗin," in ji shi. "Yau ne na fara cin yadi a layin nan, kuma kai na ciyo wa."